Ranar da Gwaggo Tabawa Ta Yi wa Gidanta Biki

Duk wanda ya taɓa bin hanya ɗaya da Gwaggo Tabawa ya san ba a dawowa hannu sake. Kuna cikin magana sai ka ga ta duƙa. Lanƙwasasshiyar ƙusa ce, ko guntun waya, ko dutse mai kyan fuska. Ta kaɗe ƙasar, ta ƙulle a bakin mayafi, ta ce, "Da amfaninsa." In kayan sun yi mata nauyi, na kusa shi zai ɗauka. Ni ce kullum a kusa, don ni 'yar ƙaninta ce, ni nake raka ta kai man gyaɗa da ƙuli-ƙuli kasuwa. Ranar da na karɓo sakamakon sakandare ma da dutse a ka na shiga unguwa.

Na ce, "Haba Gwaggo, mutane fa suna kallona!"

Ta ce, "Wanda ya gaji da kallo ya zo ya ɗauki ɗaya, Zulai."

Ku da kuka san ta kun san dalili. Mijinta ya rasu, Allah bai ba ta haihuwa ba, ta baro Maruta ta dawo Birnin Kudu ta kama ɗakin haya. Abin da ta mallaka a duniya shi ne ɗan filin da ta gada wurin kakanmu, a bakin hanyar Gwaram, manne da na Baffa Sale, autansu. Sai wani ɗan kasuwa ya zo yana son gina shaguna, ya ce ko a sayar masa duka biyun ko ya fasa. Baffa ya hana Gwaggo sakat, har maganar ta kai gaban mai unguwa.

Baffa ya ce, "Yaya, ina mai ƙuli-ƙuli ina gini? Ki sayar ki dawo gidana. Ga ɗakin da muke ajiye buhunan gero nan, sai a share miki."

"Au, ni ka mayar buhu, Sale? To mai unguwa ka shaida. In ruwan farko ya sauka ban rufe gidana ba, ya sayar har da ni a kai."

Mai unguwa ya ce ya ji, ya shaida. Muna fitowa na ce, "Gwaggo, wa ya aike ki? Da me za ki yi ginin?" Sai kawai ta duƙa. Ta hango wani dutse.

Kuma fa ba gidan ƙasa take so ba. Na zamani, ƙarami, da banɗaki a ciki, da tagar gilashi, da tayil. A Gwaram ta gano irinsa, gidan wata malamar asibiti da muka je yi wa barka. Ana gaisawa Gwaggo ta ce za ta kama ruwa. Shiru, shiru, har kunya ta sa na bi ta. Na same ta a ɗakin baiwar Allah, ta cire mayafi tana auna bango da shi!

"Innalillahi! Gwaggo, gidan mutane ne fa!"

"Rufe min baki, za ki sa na manta. Falo mayafi uku, ɗaki biyu da rabi. Kama min can."

Na kama. Me zan yi?

Da wannan awon ta je wa Malam Hudu magini. Ta shimfiɗa mayafi a fili, yana bi yana zuba toka a kan layi. Ya gama ya dubi bulon da ta daɗe tana bugawa da buhun siminti ɗai-ɗai, ya girgiza kai.

"Hajiya, bulon nan ba zai kai ba."

"Kada ka ƙara ce min Hajiya, farashi kake son ƙarawa. Ka dawo gobe."

Washegari ta zo da wani ɗan gyale, irin wanda 'yan mata ke yafawa a kafaɗa. Ta ce a share tokar a sake awo.

"Inna, ai wannan ba na jiya ba ne."

"Mayafi ne ko ba mayafi ba ne?"

"Mayafi ne."

"To falo uku, ɗaki biyu da rabi, sak irin na malamar asibiti. Yanzu bulon ya kai?"

Malam Hudu ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. "Ya kai, Inna, har da saura."

Shi ya sa duk wanda ya shiga falon Gwaggo ya miƙe ƙafa sai ya taɓo bango. In ka yi magana ta ce, "Barci ka zo yi ko gaisuwa?"

Harsashin ginin kaf da duwatsun nan aka yi shi, har da wanda na ɗauko ranar sakamakona. Tayil kuwa, wani babban gida ake ginawa a bayan tasha, an tara fasassu a waje za a zubar. Gwaggo ta je ta samu mai gidan ta ce za ta taimaka masa ta kwashe. Ya ce ya gode. Ta tsaya tana kallonsa.

"Alhaji, da kuɗi za ka biya a kwashe maka sharar nan, ni na ce kyauta. Motar ma ba za ka bayar ba?"

Ya ba da mota. Ta zauna gaba kusa da direba, ni aka jefa baya da tayil. Sati muka yi muna jera gutsattsarin kala-kala, ina tsaki tana cewa, "Juya shi, ja ba ya zama kusa da ja." Yau ku zagaya unguwar ku ƙirga gidajen da suka kwaikwaye ta.

Bango ya kai inda zai kai, kuɗi suka ƙare ƙaf. Katako da kwanon rufi kuwa ba a tsintar su a hanya. Zafi ya tsananta, hadari ya fara leƙowa daga gabas. Kullum bayan la'asar sai Baffa Sale ya tsaya da babur a bakin filin, ya ɗaga hanci sama.

"Yaya, kin ji iskar nan kuwa? Ƙamshin ƙasa take yi."

Duk gari ana roƙon ruwa don a yi shuka. Gwaggo in an shafa addu'a sai ka ji ta ce, "Amin, amma a fara da Gwaram."

Ni dai na cire rai. Na ce ta je ta ba Baffa haƙuri a wuce wurin. Sai ta miƙo min ledar alawa, irin wadda ake rabawa in za a gayyaci mata biki.

"Ki raba gida-gida. Ki aika Maruta, ki aika Dingaya da Unguwar Ya. Ki ce Tabawa za ta aurar da 'ya ranar Asabar."

"Wace 'yar? In ni ce, wallahi ban shirya ba."

"Ke wa zai ɗauka da bakin nan? Tafi."

Ranar Asabar mata suka cika filin, rabi don zumunci, rabi don gulma. An shimfiɗa tabarmi cikin gidan da ba rufi, rana na dukan kowa, ga masu kiɗan ƙwarya ta ɗauko. Kowa na leƙe yana neman amarya. Sai Gwaggo ta miƙe ta dafa bango.

"Tun ina amarya nake zuba biki a gidajenku. Aure, suna, ban taɓa fashi ba, ko da zan kwana ban ci ba. Kowace mace tana zubawa ne don ranar da za a mayar mata. Ni Allah bai ba ni wadda zan aurar ba. To ga 'yata nan, ga ta tsaye a rana ba ɗankwali. Ku rufa mata kai."

Ni da ba na kuka sai da na juya baya. Can sai Inna Laure, aminiyarta, ta rangaɗa guɗa, ta kwance bakin zani ta ce, "Wallahi ba ta yi ƙarya ba! 'Ya'yana duka Tabawa ta yi musu." Shi ke nan, kiɗa ya tashi, mata suka yi ta zubawa a faranti. Waɗanda suka zo da atamfa da tukwane don amarya, a nan take Gwaggo ta yi gwanjonsu, wata ma ta sake sayen abin da ta kawo. Wadda ta fi kowa zubawa kuwa matar Baffa Sale ce. Da labari ya kai masa ya ce, "Da kuɗin cefanena aka kayar da ni!"

Kafinta ya hau aikin rufi, Gwaggo na ƙasa tana masa tsawa kada ya taka mata kwano da ƙarfi. Ya sauko da 'yan kwanaki, wata ranar bayan azahar, gari ya yi baƙi, ruwa ya ɓarke kamar da bakin ƙwarya. Wa ruwan ya kama a hanya? Baffa Sale! Ya jefar da babur ya faɗo falon a jiƙe sharkaf.

"Cire takalmi, Sale. Tayil ne."

Ya cire. Ya bi kusurwa-kusurwa yana ɗaga kai, ko zai ga ɗigo. Babu. Gwaggo ta miƙa kofi ta taga, ta taro ruwan da ke zubowa daga rufin, ta ba shi.

"Sha. Ruwan farko ne."

Ya shanye, ya goge baki, ya ce, "Yaya, kin gama da ni. Allah Ya sa albarka." Maganar shaguna ba a sake tayar da ita ba.

Damina kaɗan ta yi a gidan nan, amma ta yi su a nata, ba mai ƙwanƙwasa mata ƙofa ƙarshen wata. Da ciwon ajali ya kwantar da ita ni nake jinyarta. Ranar ƙarshe da safe ta ce na zuge labule tana son ganin haske. Na zuge. Ta daɗe tana kallon ɗakin, ta kama hannuna ta ce, "Ya ishe ni, Zulai. Alhamdulillahi."

Allah Ka ji ƙan Gwaggo Tabawa. Ta yi zaman duniya a ɗan wuri kaɗan, ba ta taɓa ƙorafi ba. Ka yalwata mata kabarinta iya ganinta, Ka haskaka shi, Ka sada mu da ita cikin rahamarKa. Amin.