Yadda Aka So Zaunar da Ni a Gida da Tabarau

Salaga zuwa Yendi

Ƙarfe biyar da kwata, muna idar da sallar asuba, muka bar gida, ni da 'yata Rakiya. Shekara arba'in ke nan ina sayo shanu a Bawku ana kai wa mahautan Kumasi. Yanzu harkar tana hannun Rakiya, abin da ya rage mini shi ne in shiga kara in zaɓa. To, shi ma ɗin take so ta karɓe. Wai gwiwata ta gaji, kuma an fito da na'urori biyu da za su yi aikin ina zaune a zaure. Ɗaya sunanta bi-ar, ɗaya e-ar. Ni da na tsaya a aji huɗu, na tambaye ta ko tagwaye ne.

"Baba, ba wasa nake yi ba. Mu je a gwada su a gabanka. In sun iya, ka huta."

Na ce to. Amma kokon da na saya a tasha rabi kawai na sha.

Motar ta cika ƙarfe shida, buhunan doya a sama, mu a matse a ƙasa. Mun tsaya a Bimbilla aka sauke mutum uku aka ɗauki biyar. A shingen 'yan sanda wani ya leƙo ya ce, "Alhaji, ina zuwa?" Na ce za a kai ni a yi mini ritaya. Ya ce Allah ya sa a ba ni fansho. Ƙarfe goma da rabi muka shiga Yendi, babura kamar za su bi ta kanmu.

Yendi

Ofishin bi-ar ɗin yana bayan kasuwa. Mai shi wani Dagomba ne mai fara'a, kowa Injiniya yake ce masa. Ya ɗauko wani abu kamar takunkumin jaki ya ɗaura mini a fuska.

Jama'a, gaskiya ɗaya ce, abin ya ba ni mamaki. Ɗakin ya ɓace, Rakiya ta ɓace, sai ga ni a tsakiyar kara, shanu gaba da baya, har kukansu ina ji. Wani farin bijimi ya tsaya a gabana. Na miƙa hannu in matsa gindin wutsiyarsa, don a nan muke jin kitse, sai na ji na damƙi wani abu mai gashi.

"Alhaji, gemuna ne!"

Na sake shi, na ba shi haƙuri, na ce gemun dai ba kitse. Sannan na tambaye shi yaushe aka ɗauki hoton. Ya ce watan jiya.

"To ai wannan san an riga an cinye shi a Kumasi."

Na ɗauka na gama da shi. Sai ya ce ana iya haɗawa kai tsaye, mai kyamara yana Bawku, ni ina Salaga ina kallo. Na ga Rakiya tana gyaɗa kai. Mun kwana a gidan wani tsohon abokin cinikina, aka kawo tuwo da miyar ayoyo da zabo, amma loma huɗu na iya yi.

Yendi zuwa Bawku

Ƙarfe shida muka tashi, ta Gushegu da Nakpanduri. A gangaren dutse direba ya ce kowa ya yi addu'ar da ya iya. Na ce masa shi ya riƙe birki, mu mu riƙe addu'a. Shinge biyar na ƙirga kafin Garu, kowanne sai an nuna kati. Ƙarfe ɗaya da rabi muka sauka, muka ci wake da shinkafa, muka huta, don kasuwa sai gobe.

Kara

Mai e-ar mace ce, likitar dabbobi, ana ce mata Dakta Asibi. Ita ba ta ɗaura wa kowa komai. Waya kawai ta ɗaga ta saita wani sa, sai ga san nan na gaske a cikin gilashi, wasu layuka sun zagaye shi, nauyinsa a rubuce a kan tozonsa. Wato na Yendi yana ɗauke ka ya kai ka inda ba ka, wannan kuwa yana barinka inda kake ya ƙara maka rubutu.

Rakiya ta ce in fara faɗin nawa kafin a duba. Sa na farko, abin da na faɗa shi waya ta faɗa. Na biyu ma haka. Na uku har ta ga wani ɗan kumburi a ƙafar baya wanda ni ban lura ba. Na ji gwiwar da ake magana ta fara ciwo da gaske.

"Baba, ka gani?"

"Na gani."

Sai wani dillali ya jawo jan bijimi, ciki ya cika, fata tana ƙyalli. Waya ta yabe shi fiye da duk na baya, Rakiya ta fara tayi. Ni kuwa na zagaya na danna kuiɓinsa da tafin hannu, na ji abu yana kai da kawowa. Na buɗe bakinsa na shinshina. Na ce kowa ya dakata, a ba shi minti goma.

Ko biyar ba a yi ba ya fara fitsari. Ya yi, ya tsaya, ya sake. Har ya yi kududdufi.

"Dakta, gishiri da kanwa aka ɗura masa tun jiya, ya kwana yana shan ruwa. Kafin ya isa Kumasi zai koma ƙashi da fata. Wayarki ta auna ruwa ta kira shi nama."

Dillalin ya ce, "Haba Alhaji, zafi ne ya sa shi sha."

"Zafin shi kaɗai ya kama a duk karar nan?"

Ya ja sansa ya yi gaba, mutane suna ta dariya. Dakta Asibi ba ta yi musu ba. Ta ce wayar bayan dabba take gani, ba ta taɓawa, ba ta jin wari, dole sai da mai hannu a wurin.

Rakiya ta dubi wayar, ta dube ni. Can ta ce tabarau na Yendi zai yi wa mahautan Kumasi amfani, su ga garke ba tare da sun taso ba. Wayar kuma za ta saya.

"Wa zai riƙe ta?" na tambaya a hankali.

"Wa kuwa? Kai mana, Baba. Amma a gidan gaba za ka riƙa zama a mota, kuma sai ka sha maganin gwiwa."

Ranar na ci tsire na sidi ashirin ni kaɗai.

Komawa

Mun biyo ta Bolga da Tamale, muka iso Salaga washegari bayan la'asar. A hanya Rakiya tana ta koya mini saita wayar da ta saya, na auna kwandasta sau biyu, ya ce in daina.

Na gode wa Allah da ya dawo da mu lafiya. Na gode wa mai masaukinmu na Yendi, da Injiniya da ya yafe mini gemunsa, da Dakta Asibi da ta faɗi gaskiya a gaban mutane. Shi kuwa mai jan bijimi, ina roƙon Allah ya shirye shi, amma ba da gaggawa ba.