Ranar da Na Ciji Taubashina Saboda Maganin Zuciya

Karatuna bai wuce aji uku na firamare ba, shi ma malamai ne suka riga ni gajiya. Sauran ilimina a gindin kekunan ɗalibai na same shi, a bakin titin Samaru, inda na tsufa ina liƙe taya. A shekarun da wayar salula ta fara shigowa gari, sai zuciyata ta soma nata kiɗan. Ta buga, ta buga, ta tsaya kamar wanda ya tuna ya bar makulli a gida, sannan ta zabura da gudu. Ranar da na kife a kan keken wata ɗaliba, babbar 'yata ta ɗora ni a acaɓa sai asibiti.

Bayan gwaje-gwaje likita ya rubuta mini wata 'yar ƙwaya da ba ta kai ƙwayar wake ba. Na ce, "Likita, duk wannan wahalar a kan wannan 'yar abar?" Bai yi dariya ba. Ya ce, "Baba, ɗaya tak a rana, a lokaci guda. In ka manta har gari ya sake wayewa, kada ka haɗa biyu. Kada ka daina don ka ji sauƙi, kuma ban da jiƙe-jiƙe sai ka tambaye mu. In ka ji tashin zuciya, ko abinci ya fita ranka, ko ka fara ganin duniya rawaya-rawaya, ka dawo a ranar." Ya ce sai da suka auna jinina da ƙodata kafin su yanka mini wannan adadin, don tsakanin maganinta da gubarta babu nisa. Wanda ba a auna ba, tana iya kwantar da shi gaba ɗaya. Na sha manta abubuwa a duniya, har da sunayen jikoki, amma wannan ta zauna.

To, ina da taubashi, ɗan ƙanwar mahaifina, mai sayar da hatsi a kasuwar Sabon Gari. Ƙato ne, wuya kamar turmi, kai kuwa fanko. Kowa ya san wasan taubasai: ya zage ka, ya ɗauke maka kaya, kuma haramun ne ka yi fushi. Tun muna yara yake cin wannan gajiyar. Hulata ta aure a kansa ta tsufa. Ni ma ban bar shi ba, don takalminsa na Sallah sau biyu ina sayar da shi.

Wata Asabar na je Sabon Gari da takardar likita na sayo maganin wata guda, sai tsautsayi ya bi da ni ta rumfarsa. Yana hango ni ya ɗaga murya.

"Ga bawana nan! Har yanzu ba ka mutu ba?"

"Ina jira in raka ka tukuna, jakin hatsi."

Kafin in zauna hannunsa ya shige aljihuna, ya zaro kwalin. Ya juya shi, ya kanga a haske, shi da ko sunansa ba ya iya karantawa.

"Wannan ne na faɗuwar gaban? Alhamdulillahi. Ni ma kwana biyu ƙirjina dukan tara-tara yake yi. Na riƙe."

Na yi dariyar dole, na ce ya ba ni, wannan ba hula ba ce. Maƙwabtansa na rumfa suka fara taruwa, ana nishaɗi. Ya ɓalle ƙwaya biyu a tafinsa.

"Kai ƙanjamamme kana shan ɗaya, ai ni biyu ne daidai da ni. Ina butar nan take?"

"Kada ka sha! Wallahi tana kisa!"

"Ji rowa! To me ya sa kai ba ta kashe ka ba?"

Ya ɗaga hannu zai watsa a baki. Haƙoran da suka rage mini ba su da yawa, amma duka na tara na dasa masa a tsintsiyar hannu. Ya kurma ihu, ƙwayoyin suka faɗa cikin buhun gero, muka kife da kwanon awo. Na ƙwace kwalina, na tsaya ina haki, na zage shi zagin da ba na wasa ba. Na ce masa dabba, wanda zai mutu a banza ya ja a ce ni na ba shi. Wani dattijo ya riƙe ni yana cewa, "Haba Malam, taubashinka ne fa!" Na ce taubasantakar ta ci gidansu.

Ban bar wurin ba sai da aka zazzage geron nan a tabarma, na durƙusa ina tonon ƙwayoyin kamar kaza, don kada su tafi cikin kunun wani. Na same su kuwa.

Magana ta kai ƙauyenmu Bomo wurin dangi. Yayarmu, wadda ita ce babba da ta rage, ta tara mu ta ce in ba shi haƙuri, na karya abin da iyaye suka bari. Na ce, "Yaya, zan ba shi ranar da ya kai ƙirjin nasa asibiti aka duba." Shi kuma ya rantse ba zai taka asibiti a kan umarnin mai cizo ba. Haka aka tashi. Ko ya je daga baya a ɓoye, ban sani ba, ban kuma tambaya ba.

Yana nan da ransa, yana cika wa mutane ciki a rumfa. Sai dai tun daga ranar bai sake kirana bawa ba, bai sake taɓa mini ko tsinke ba. In muka haɗu a suna ko jana'iza, sai ya rusuna kaɗan kamar ya ga baƙo, ya ce, "Malam, ina wuni, ya jiki?" Duk zagin da ya yi mini tun ƙuruciya babu wanda ya kai wannan ciwo, kuma ya sani, shi ya sa yake yi. Nakan amsa masa da "Lafiya lau, Alhaji," in wuce abina. Ya je can da gaisuwarsa.