Layar da Yaya Ta Tafi da Ita Runka

Ɗiyata da ke karatu a Katsina ce ta zo hutu da wani littafin Turanci mai zane-zane. Ni boko aji biyu na yi aka gane ba rabona ba ne, don haka hotunan nake kallo tana fassara mini. Wai labarin marubutan da suka sha wuya ne tun zamanin da, an yi shi don a yi dariya. Ga wani an zana shi da wuya kamar na zalɓe, yana rubutu ɓeraye na cin wanda ya gama. Ga wani matarsa ta hura wuta da aikinsa na shekaru. Na yi dariya har da tari. Sai na dubi kaina: rama ina da ita, yagaggiyar riga ina da ita, ɓeraye kuwa a rumbuna suke aure suna haihuwa. Rubutun kawai ya rage.

Ajami na iya, ɗan abin da na tsira da shi daga makarantar allo. Na feƙe alƙalamin kara, na dama tawada, na samo farar takarda. Na buɗe da Bisimilla yadda aka koya mana, sannan na zuba labarin ranar da yayata ta kama ni ina satar ƙuli-ƙulin innarmu muna yara, ta bi ni da muciya har bakin rijiya.

Yayar nan tawa a gidana take zaune a Wagini tun rasuwar mijinta. A kwanakin ne ɗiyarta ta haihu a Runka, Yaya ta ce ko mi za a yi sai ta je suna. Hanyar Runka kuwa kowa ya san yadda 'yan bindiga suka mayar da ita: sai mutum ya nemi gafarar mutanen gida sannan ya hau babur. Ta ce in je wurin malamin unguwarmu in karɓo mata addu'ar tsari. Na ce to. Na manta, ina can ina zama marubuci.

Na shanya takardata a kan tabarma, na danne da dutse, na tafi duba wake. Na dawo ba ta nan. Na ɗora wa akuya laifi, har da ɗan jin daɗi, wai ni ma na shiga sahun mutanen littafi.

Ran tafiya, mai babur na jira a ƙofar gida, Yaya ta janye mayafi ta nuna mini sabuwar laya a damtsenta.

"Auta, Allah ya yi maka albarka. Na ga ka ajiye mini a tabarma. Jiya baduku ya ɗinke ta."

Yaya ba ta karatu, amma ta san kamannin Bisimilla. Ta dafa layar ta ce yanzu hankalinta ya kwanta. Nan na gane takardata ce aka ɗinke. In na faɗa, ko ta fasa ganin jikanta, ko ta hau hanyar nan da tsoro tsirara. Na ce, "Allah ya tsare, Yaya." Babur ya tashi da ita da labarin ƙuli-ƙuli.

Kwanakin nan a kan buzun salla na yi su. Duk addu'ar da ban karɓo ba, ni na yi ta da bakina, wadda na iya da wadda na iya rabi. Bayan suna ta dawo ta Safana a bayan a-kori-kura, lafiya ƙalau, da ƙullin naman suna.

Washegari matan maƙwabta suka yi sallama, wai a taimaka musu da irin layar Yaya. Nan dai ba sauran wurin ɓuya. Na ja ta zaure na faɗa mata, idona a kan yatsun ƙafata.

Ta kwance layar ta miƙo mini da reza.

"Farke. Karanta in ji abin da na kai Runka."

Na karanta, murya kamar ta wanda aka kama a gonar wani. Da na zo wurin da na ce muciyar ta karye a gadon bayana, ta ɗaga hannu.

"Ƙarya kake. Ba ta karye ba. Ko da aka kai ni ɗaki da ita na tafi."

"Yaya, don daɗin labari ne."

"Daɗin gidanku! Furfura har a kunne, ka sa na gaida malamai a wurin suna da satar ƙuli-ƙuli ɗaure a hannu." Ta karɓe takardar ta ninke. "Wanda ya kai ni ya dawo da ni ba a fatar laya yake ba. Amma arba'in ɗin jego na nan tafe, zan koma Runka. Tashi ka je wurin malam yanzu, ina kallonka."

Na tashi ina laluben takalmi. Har na kai ƙofa ta ce in na dawo in zo da tawada in gyara zancen muciyar, a gabanta.