Jan Biron da Na Sa wa Littafin Jikata

Lokacin da abin nan ya faru na haura sittin, shekarata biyu da gama ajin yaƙi da jahilci a nan Dukawuya. Kaina ya kumbura. Ko takardar magani aka shigo da ita gidan, sai na karɓa na duba ko da kuskure.

Jikata tana ajin ƙarshe a jami'a, kwamfuta take karanta. Ta buga littafinta na kammalawa har kwafi uku, ta kawo ɗakina ajiya don kada yara su taɓa. Ni uwar iyawa na buɗe. Turancin ban gane ba, amma ai na san lamba. Sai na ga biyu sau uku a tara da huɗu, wai sha huɗu. Mu kuwa malamarmu cewa ta yi sau ake fara yi, shida da huɗu goma. Shafi bayan shafi duk haka. Na ce yarinyar nan za ta sha kunya, na ɗauki jan biro na bi kwafi ukun nan na gyara tas. Ban gaya mata ba, wai sai ta dawo ta gode min.

Da safe ta kwashe su ba ta duba ba. A gaban malamanta aka buɗe. Suka ce ba sa karɓar littafi mai soke-soke, ta jira zagaye na gaba. Ƙawayenta suka tafi bautar ƙasa suka bar ta.

Da ta dawo ko murya ba ta ɗaga min ba. Ta zauna ta ce min akwai wani yaren kwamfuta da daga dama yake farawa, ba ruwansa da wai sau ya girmi tarawa. Uku da huɗu bakwai, sau biyu sha huɗu. A kan haka ma ta rubuta littafin gaba ɗaya. Daga dama! Ni da na taɓa allo tun ina 'yar mitsitsiya, ko a raina bai zo ba.

Har yau haushi nake ji. Haushin malamar da ba ta taɓa cewa akwai wata hanyar ba, amma wallahi na kaina ya fi, da na kasa buɗe baki in yi tambaya ɗaya. Ku tsofaffi 'yan'uwana da muka samu karatu da furfura, in kun ga abin da bai yi muku ba a takardar wani, ku ajiye biro ku tambaya. Jikar tawa ta ce ta yafe. Amma a da "tsohuwa" take ce min tana jan zanina, yanzu sai dai ta durƙusa ta ce Hajiya ina kwana, ta wuce.