Farin Buhun Da Ya Tona Mini Asiri a Challawa

Lokacin da abin nan ya faru shekarata ashirin da ɗaya, kuma ba na iya zama wuri ɗaya. Tun aji biyu na ƙaramar sakandare na gudu daga makaranta. In malami ya yi bayani da baki ni nake fara ɗaukewa, amma da ya juya allo sai haruffa su cakuɗe min, layi yana hawa kan layi. Na sha bulala, na sha sunan daƙiƙi, har ni ma na yarda. Na yi dako a Bompai, na yi gadi a Sharada, duk inda aka miƙo min takarda in cike sai in tayar da rigima in bar aikin.

A wani kamfanin jimar fata a Challawa na ɗan zauna. Aikina in ɗauko hoda daga sito in zuba a durom ɗin da ake juya fata a ciki. Ba wanda ya san ba na karanta buhu, kala nake bi: hodar cire gashi mai ratsin kore, ta jima mai ratsin shuɗi. Shekara guda ban kuskure ba. Sai wata Litinin aka kawo kaya daga sabon dila, buhunan duk fari fat, rubutu kaɗai ya raba su. Kunya ta hana ni tambaya, na ɗauki wanda ke inda aka saba ajiye mai koren na juye. Ashe ba shi ba ne, durom guda na fatar awaki ya lalace. Oga ya ce in je sito in sa hannu a takardar sallama in kama gabana.

Mai kula da siton wata dattijuwa ce 'yar Filato, tsohuwar malamar firamare, Madam muke ce mata. Ta ce in karanta kafin in sa hannu. Na ce idona ke ciwo. Ta yi dariya ta ce ta san wannan ciwon idon, ƙanwarta ma shi ke kama ta duk ranar jarrabawa. Ta karanta min sau ɗaya, ta ce in maimaita, na zubo mata ita tas. Ta tambaye ni aikin durom daga jiƙo har shanya, na jero ba gargada. Sai ta ce, ɗana, ƙwaƙwalwarka lafiya lau, akwai lalurar da ake kira disleksiya, rubutu ne kawai yake wahalar da mai ita, kuma ana koyo a hankali. Wallahi a kan buhun gishiri na zauna na yi kuka.

Ta ja ni gaban oga ta ce ya tambayi sauran ma'aikata su nawa ke karanta buhu. Ya tara su ya tambaya. Ashe mutum uku ni suke leƙe, wanda na ɗauka shi suke ɗauka! Oga ya riƙe baki, ya ce ya ba ni sati ɗaya in nuna masa mafita. Na samo fenti, Madam tana karantawa ina shafa kore da shuɗi. Yau ba buhun da ke shiga siton nan sai da alamata, kuma ni ne shugaban 'yan aikin safe. Lokacin cin abinci Madam take koya min karatu, da rula a ƙarƙashin layi, ina furta sauti ɗaya-ɗaya. Abu na farko da na karanta da kaina farin buhun nan ne. Sai da na sa ihu.

Nadamata ɗaya, shekarun da na ɓata ina ɓoyo. Da na buɗe baki ran nan, da fatar ba ta lalace ba. Iyaye da malamai, in ɗanku yana ganewa da kunne amma takarda ta gagare shi, don Allah ku ajiye bulala ku bincika. Kai kuma ɗan'uwana mai cewa idonka ke ciwo, na san ciwon. Ka faɗa wa wani tun kafin a canza maka buhu.