Ranar da Sodangi Bai Tsaya Ba

Wanda ya san Sodangi a Sabon Birni kawai, to bai san shi ba. Abin da zai iya faɗa maka shi ne, ai mai turin kurar ruwan nan ne, dogo mai furfura a gemu, wanda ba ya amsa gaisuwa sai a tafe. Ka ce masa ina kwana, sai ya wuce ka sannan za ka ji lafiya lau daga bayanka. Matan unguwa suna cewa girman kai ne. Masu shayi suna cewa kansa ne ya taɓu. Duk ba su san komai ba, kuma rashin sanin bai hana su magana ba.

A wata 'yar tunga da ke bayan Unguwar Lalle aka haife shi, kuma a can ba a kiransa da komai sai Tsaya-tukuna. Tun yana ƙarami, idan mahaifiyarsa Inno ta aike shi sayen gishiri, sai ta ɗora miyarta ta sauke ba gishirin, don ta san ɗanta yana can ya tsaya kallon yadda ake yi wa jaki kofato. Ya girma, ya yi aure, halin bai sake shi ba. Ranar kasuwar Bafarawa tare ake fita da shi, amma sai 'yan tunga sun fara ɗaure kaya za a ga ya shigo. A hanya ya kwance akuyar da igiya ta sarƙe, ya tambayi wani makiyayi ƙafar saniyarsa da ya gani tana ɗingishi tun wancan mako, ya riƙe wa wani ɗan kasuwar Nijar babur ana liƙe taya. A gona ma haka. Yana tsakiyar layi sai ya dogara da hauya, ya dubi sama, ya dubi na kusa da shi, ya ce, "Wai kai lahiya dai kake? Na ga idonka ya yi ja."

Yayansa Wakili, wanda suke noma gandu ɗaya, mutum ne mai wuta. Kullum cikin faɗa yake da shi. "Wallahi Sodangi, ko mala'ikan mutuwa yaz zaka, sai ka tsai da shi ka tambaye shi mutanen gida." Sodangi sai ya yi dariya ya ce ai gaisuwa ba ta ɓata aiki. Amma shekarar da ciwo ya fara cin Wakili a ɓoye, ba matarsa Maimunatu ce ta fara lura ba. Sodangi ne ya tsaya a bakin rijiya ya ƙura wa ƙafafun yayansa ido, ya ga sun kumbura har takalmin roba ya nutse a ciki. Shi ya goya shi a babur zuwa asibiti a Isa. Aka ce hawan jini ne, ya kuma taɓa ƙoda. Aka ce kada ya daɗe a rana, kada kuma ya zauna da ƙishirwa. Tun daga nan Sodangi ya rataya gorar ruwa a kafaɗa, duk inda Wakili ya sa ƙafa yana biye da shi.

Sai mutanen daji suka zo, 'yan bindigar nan. Ba sai an ba ɗan Gobir labarin wannan ba. Da farko shanu suka kora, daga baya suka karɓe gonakin da ke bakin daji, daga baya kuma suka ga ai noma wahala ne, ga masu gonakin nan zaune. Wata damina, lokacin noman fari, saƙo ya iso tunga: gobe duk namijin da ya isa riƙe hauya ya fito, gidan da aka rasa mutum ɗaya za a sa masa wuta. Suna ma kiran abin gayya, don rashin kunya. Sodangi ya so Wakili ya kwanta a ce ba shi da lafiya. Wakili ya ce ba za a ƙona masa gida da 'ya'ya a ciki saboda kumburin ƙafa ba. Da safe Maimunatu ta rako su har bakin darni, ta ce wa Sodangi, "Ga yayanka nan. Ka sa mishi ido."

"In sha Allahu, Innar Hafiza," in ji shi, don da sunan 'yarta yake kiranta. "Tare za mu komo."

Gonar ta wani maƙwabcinsu ce da ya gudu Maraɗi, doguwa, hatsi ya kai gwiwa, ciyawa ta ci ƙarfinsa. Wanda aka sa ya tsare su sunansa Kamalu, ƙato mai yawan dariya, bindiga a kafaɗa. Abu na farko da ya yi shi ne ya sa aka tattara gorunan ruwan kowa, har da ta Sodangi, aka jibge a gindin wata bedi, wato darbejiya. Sannan aka jera su, kowa da layinsa. Irin noman da ake yi ke nan a tsaye, da hauya mai dogon ƙota, ana tura ta gaba ana tafiya. Ba a yi nisa ba Sodangi ya dogara da hauyarsa yana duban Wakili. Kamalu ya hango shi.

"Kai na Tsaya-tukuna da nika jin labari? Taho nan. Miƙo hannunka."

Ya ciro wani agogo daga aljihu, baƙi, fuskarsa kamar gilashin waya. A hannun wani matafiyi ya cire shi a hanyar Isa, kuma ya yi ta wasa da shi har ya gane kansa. Irin agogon nan ne da mutanen birni suke ɗaurawa idan za su fita tafiyar rage tumbi. Kana tafiya yana ƙirga maka lokaci. Da ka tsaya sayen wani abu ko jiran mota ta wuce, sai ya ɗan girgiza a hannunka ya dakata da kansa, don kada ya lissafa maka hutu a cikin motsa jiki. Wanda ya ƙera shi alheri ya nufa, ya tausaya wa mai tumbi. Bai taɓa jin sunan Kamalu ba.

Kamalu ya ɗaura wa Sodangi, ya latsa. Wani ɗan mutum ya bayyana a fuskar agogon yana tafiya, da wani koren zobe da ya fara zagaye shi kaɗan kaɗan.

"Kun ga zoben ga?" Kamalu ya ɗaga hannun Sodangi kowa ya gani. "Sai ya ruhe za ku sha ruwa. Sai ya ruhe za ku gida. In rana ta hwaɗi bai ruhe ba, nan za ku kwana. Ni ban hana kowa hutu ba. Amma in wanga tsoho yat tsaya, agogo ya tsaya."

Babu wanda bai san ma'anar kwana a daji ba. Wanda ya kwana, sai an sayar da abin da ya rage a gidansa kafin a sake ganinsa, idan an gan shi.

Aka kama aiki. Ƙaya ta soki Sodangi, ya duƙa zai cire, agogon ya girgiza, ɗan mutumin ya daskare. Ya ɗaga ƙafa, abin ya ci gaba. Da azahar Kamalu da kansa ya ce a yi salla, yana dariya, "Ku yi a natse, agogo shina jiranku." Suka yi taimama suka yi salla. Da aka sallame kowa ya leƙa hannun Sodangi, zoben yana nan inda aka bar shi, bai kai rabi ba, rana kuwa ba ta jira kowa ba. Daga nan fuskokin mutane suka canza. Waɗanda suka shekara arba'in suna yi masa dariyar tsaye-tsayensa, yanzu da ya rage sauri sai ka ji murya daga wani layi: "Sodangi, don Allah!" Da la'asar ta yi, ba Kamalu ne ya hana shi salla ba. 'Yan tungarsu ne suka ce su za su yi bi da bi, shi ya ci gaba, ya rama daga baya. Wannan ya yi masa ciwo ƙwarai, amma ya san gaskiyarsu.

Wakili yana layi na uku daga nasa. Tun bayan azahar Sodangi ya ga hauyarsa tana kauce wa ciyawa tana yanke hatsi. Ya ga gumi ya daina fito masa. Bayan la'asar kaɗan Wakili ya durƙusa, ya dafa ƙasa, sannan ya kwanta a gefensa tsakanin shuka.

Sodangi ya saki hauya. Agogon ya girgiza.

Wani da ke kusa da Wakili ya yunƙura zai je, ɗaya daga cikin masu bindigar da ke tare da Kamalu ya ɗaga masa bakin bindiga, ya koma layinsa. Kamalu ya taso daga inuwa a hankali.

"Yayana na," in ji Sodangi. "Ba shi da lahiya. Ruwa kaɗai za a ba shi, ko maƙwarwa guda."

"Ruwa sai zobe ya ruhe, ai na hwaɗi." Kamalu ya yi murmushi. "Amma kai ban hana ka ba. Tahi ka zamna wurinai, ka yi mishi fifita. Agogo ba shi gaggawa."

Sodangi ya dubi hannunsa. Abin da ya rage na zoben bai fi faɗin farce biyu ba. Ya dubi rana, ta sauko har ta kusa kan itatuwa. Ya dubi mutanen tungarsu, duk sun tsaya da hauyoyi suna kallonsa, ya kuma ga abin da ke idonsu. Idan ya je wurin Wakili, me zai kai masa? Hannu wofi. Ruwan yana gindin bedi, kuma hanya ɗaya ce zuwa gare shi. Ya sunkuya ya ɗauki hauyarsa.

"Yaya, yi haƙuri," ya ɗaga murya. "Yanzu za ni kawo ma ruwa."

Ya tura hauya da dukan ƙarfinsa, har yana haɗawa da gudu. Da ya kai ƙarshen layi ya duba, sai ya ga saurin bai ƙara komai ba. Abin lokaci yake ƙirgawa, ba ruwansa da yawan aiki. Mai gudu da mai rarrafe duk ɗaya ne a wurinsa, muddin ba a tsaya ba. Hawaye suka zubo masa, ya juya ya kama wani layin.

Layin ya bi ta kusa da inda Wakili yake kwance. A wucewa ta farko idonsa a buɗe, yana bin ƙanensa da kallo. A ta biyu ya ɗago hannu kaɗan, leɓɓansa suna motsi. Magana yake yi, Sodangi ya gani sarai. Taku uku ne tsakaninsu. Da ya duƙa ya kai kunne, da ya ji. Ƙafarsa ta rage sauri da kanta, irin yadda ta saba tun yana yaro, sai ya ji tsoron girgizar nan a hannunsa tun kafin ta zo. Ya wuce. Ƙarar hauya a cikin ƙasa ta rufe ko me aka faɗa. A wucewa ta uku hannun ya koma ƙasa, ƙuda suna sauka a bakinsa.

Rana tana taɓa itatuwa agogon ya yi wata doguwar girgiza. Zoben ya rufe. Wasu 'yan taurari masu launi suka yi ta fashewa a fuskarsa, da hoton kofi irin na 'yan ƙwallo. Kamalu ya kwance abinsa, ya goge gumin da rigarsa, ya ce ai ga shi sun iya aiki idan sun ga dama. Sodangi bai ji ba. Ya riga ya fizgi gorarsa ya ruga. Ya tallafi kan Wakili ya zuba masa ruwa a baki, ruwan ya gangaro ta gefe ya jiƙa masa gwiwa.

Kowa ya koma gida a daren nan, babu wanda ya kwana a daji. A kan hauyoyi biyu da aka ɗaure da rawani aka ɗauko Wakili. Mutane suka yi ta zuwa suna riƙe hannun Sodangi suna cewa ya ceci tunga, Allah ya saka masa. Gaskiya suka faɗa, kuma bai taɓa jin maganar da ta ƙona shi kamarta ba.

Kafin kaka tungar ta watse. Suka taho Sabon Birni, shi da iyalinsa da na Wakili, suka sami ɗakuna biyu a wani kango. Ya karɓi kurar ruwa haya. Kowace safiya jarka biyu na farko a ƙofar Maimunatu yake sauke su, ba ya karɓar ko sisi, ba ya kuma jira ta fito. Ta gama takaba, wata damina ta zo ta wuce, ba ta tambaye shi komai ba. Mutane sun ba ta labarin agogon, kowa da irin nasa, amma akwai abin da ba wanda ya kai kusa da zai sani.

Wata safiya ya sauke jarkokin zai juya, sai ya tarar ta riga ta fito ta dafa hannun kurar.

"Sodangi."

"Innar Hafiza, ina kwana."

"Ba ni riƙe ka da komi ba, Allah shi na shaida. Abu guda nika son in sani. Yayanka ya yi magana kahin shi cika?"

Sodangi ya dubi hannunsa na hagu, inda babu komai sai fata.

"Ya yi."

"Mi yac ce?"

Ruwan da ke cikin sauran jarkokin ya gama kaɗawa ya kwanta.

"Ban sani ba," in ji shi. "Ban tsaya ba."