Mai Share Ƙasar Wata

Delbert Maestas ba ya sa takunkumin kare ƙura a wurin aiki, kuma bai taɓa ɓoye haka ba. A wuya yake rataye shi. In shugaban ɗakin gwaji ya yi magana sai ya ja shi zuwa haɓa, ya ce, "Ga shi nan, ranka ya daɗe."

Shekara ashirin da shida muka yi aiki tare a Kolorado ta Amurka. Ni ke riƙe jadawali, ina raba wa jami'o'i da kamfanoni ranakun da za su kawo 'yan motocinsu na yawo a duniyar wata su gwada. Shi kuma nasa ramin ne, wani makeken akwati cike da niƙaƙƙen dutse mai kama da ƙasar duniyar wata. Duk ayarin da ya gama, Delbert zai shiga da manjagara ya share sawun tayoyi, yana tafiya da baya don ya goge har nasa. Na gaba su tarar da ƙasa kamar ba a taɓa taka ta ba.

Da harshe yake gane ko ƙasar ta sha laima. Ya dangwala, ya lasa, ya ce a dakata sai gobe. Farfesoshi su yi ta gunaguni, na'urarsu ta zo ta faɗi abin da ya faɗa.

Na sha ce masa, "Kai tsoho, garin dutsen nan sai ya kashe ka."

Ya ce, "Norma, ke da sigarinki za ki yi min wa'azi?"

Na daina sigari. Shi bai daina komai ba.

Tari ya fara, sannan hawa matakala uku ya zama aiki. Likita ya ce huhunsa ya taurare, ba magani, kuma kada ya sake kusantar ramin. Aka karɓe masa makulli. Aka sayo injin da ke baje ƙasar a minti arba'in, ba wanda ya yi ƙorafi.

Ya rubuta wa shugabanni wasiƙa sau biyu yana roƙon a mayar da shi, ya yi alkawarin sa takunkumi har biyu. Ba su amsa ba, kuma da ni ce ma ba zan amsa ba.

Na je gidansa a watan Maris da tuwon masara irin wanda yake so. Yana zaune da robar iska a hanci, daga kujera zuwa ƙofa sai ya huta sau biyu. Bai ci ba. Ya tambaye ni yadda injin ke yi da kusurwoyin ramin, na ce yana barin su. 

Da na tashi tafiya ya riƙo hannun rigata.

"Norma, har yanzu suna jin maganarki. Ki sa ni a jadawalin kamar wata jami'a. Awa ɗaya kawai, duk ranar da ba kowa. Kusurwoyin zan gyara, in fito."